Ganin Likitan Ƙwaƙwalwa Ba Shi Ne Hauka Ba

Da zarar an tura mutum asibitin Dawanau ko na Barnawa sai gabansa ya faɗi, yana zaton an ce ya haukace ne. Alhali kuwa akasarin masu ciwon fargaba ba a ko kwantar da su.

Ranar farko hira ce. Likita zai tambayi yanayin barci, da bugun zuciya, da abin da ake sha, har goro. Wani lokaci akan ɗebi jini, domin ciwon maƙoƙo kan haddasa fargaba.

Magani kuwa, ko zaman tattaunawa, ko ƙwaya wadda kan yi mako 2 zuwa 6 kafin a ji amfaninta. Kada a bar shanta farat ɗaya sai da izinin likita.