Tsami Da Kanwa: Asid Da Alkali

Malamai da yawa su kan ce ba su iya koyar da kimiyya sai da ɗakin gwaji. To, ga wani darasi wanda kayansa duka suna nan a kasuwar Kafanchan.

Masana sun kasa waɗansu abubuwa kashi biyu. Na farko su ne asid, watau masu tsami, kamar lemon tsami, da tsamiya, da yakuwa, da nono. Na biyu su ne alkali, masu ɗaci da santsi a hannu, kamar kanwa, da ruwan toka, da sabulu. Kada yara su zaci alƙalin kotu a ke nufi. Kalmar daga Larabci ta fito, ma'anarta kuwa tokar tsire-tsire.

Babban abin lura shi ne, kowannensu ya kan kashe ƙarfin ɗan'uwansa. Asid ya kan saki ƙwayoyin haidirojin cikin ruwa, alkali kuwa ya kama su, sai a sami ruwa da wani irin gishiri. Uwargida ta daɗe da sanin wannan. In miyar yakuwa ta yi tsami, sai ta jefa 'yar kanwa. Kumfan nan da ke tashi iskar kabon ce ta ke fita.

A shekarar 1909 wani masani na ƙasar Denmak, mai suna Sorensen, ya fito da ma'aunin da a ke kira pH. Lambobinsa daga 0 ne zuwa 14. Tsantsar ruwa yana kan 7. Abin da ya kasa 7 asid ne, abin da ya haura kuwa alkali. Lemon tsami wajen 2 ya ke, ruwan kanwa wajen 10. Tsakanin lamba da lamba ninki goma ne, watau 4 ya fi 5 tsami sau goma.

Ga yadda za ka nuna wa yara. Jiƙa zoɓo cikin ruwan zafi, ka tace, ka raba kofi uku. Matsa lemo cikin na farko, za ka ga ja ya ƙara haske. Zuba ruwan kanwa cikin na biyu, sai ya koma kore mai duhu. Bar na uku don kwatanci. Sa'an nan ka riƙa ɗiga lemo cikin na biyu har jan ya komo. Bari yara su faɗi dalili da bakinsu.

Amfanin wannan ilmi a gona ya fi bayyana. Ruwan sama a ƙasashen Jama'a, da Jaba, da Kachiya ya fi na Kano nesa, shi ya kan wanke alkalin ƙasa, ya bar ta da tsami. Takin zamani irin na amoniya, in an dinga zuba shi kowace shekara, ya kan ƙara tsamin. Citta tana son ƙasa mai ɗan tsami, wajen 5.5 zuwa 6.5. Amma in lambar ta faɗi ƙasa da haka sosai, saiwa ba ta iya shan abincin da ke cikin taki, manomi ya yi hasarar kuɗinsa. Maganinsa toka, da farar ƙasa, da takin gargajiya. Sai dai a nemi malamin gona ya auna ƙasar tukuna, gama yawan toka ma ɓarna ne.

Daga ƙarshe sai gargaɗi. Ruwan batirin mota asid ne mai ƙarfi, sodar da mata ke yin sabulu da ita kuwa alkali ce mai cin nama. Kada a ɗanɗana su, kada kuma a ajiye su cikin kwalbar lemo inda yaro zai kai hannu. In sun taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa mai yawa, a hanzarta zuwa asibiti. Malamin da ya koya wa ajinsa wannan kaɗai, lalle bai yi aikin banza ba.