Linux a karkarar Kano: Me za a yi idan kwamfuta ta ƙi tashi?

A ranar 14 ga watan Oktoban 2025 ne kamfanin Microsoft na Amurka ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba bai wa manhajarsa ta Windows 10, alhali Windows 11 da ta gaje ta ba ta hawa kan tsofaffin kwamfutoci da dama.

Irin waɗannan na'urori kuwa, waɗanda akasari an ci moriyarsu a Turai da Amurka kafin su iso Najeriya, su ne ake yawan gani a shagunan buga takardu da ofisoshin makarantu a garuruwa irin su Bichi da Ɗambatta da Tsanyawa da Bagwai, a arewacin jihar Kano.

Ɗaya daga cikin hanyoyin tsawaita rayuwarsu dai ita ce a ɗora masu Linux, manhajar sarrafa kwamfuta da ake samu kyauta.

To sai dai ranar da kwamfutar ta tsaya a kan baƙin allo mai fararen rubutu, sabon shiga kan ɗauka ta mutu. Shawarar da ya fi saurin samu ita ce a goge komai a sake ɗora manhaja, abin da masu gyara ke kira fomatin. Ta haka ake asarar sakamakon jarrabawar ɗalibai, ko lissafin taki da bashin ƙungiyar manoma, a kan matsalar da sau da yawa gyaranta bai wuce minti 10 ba.

Ba baƙuwa ba ce a Najeriya

Wani ɗalibin jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, shi ya soma rubuta Linux a shekarar 1991. Kowa na da izinin kwafarta da sauya ta da kuma raba ta, abin da ya sa ta kasu iri-iri. Daga cikin waɗanda suka fi sauƙi akwai Ubuntu, wadda kamfanin Canonical na attajirin Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya fitar a watan Oktoban 2004, da kuma Linux Mint da aka gina a kanta. Su biyun ne wannan bayani ya shafa.

A shekarar 2007 an raba wa ɗaliban makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja ƙananan kwamfutoci masu aiki da Linux, a ƙarƙashin shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro. A shekarar ce kuma kamfanin Mandriva na Faransa ya samu kwangilar ɗora tasa Linux ɗin a kan kwamfutoci 17,000 na makarantun ƙasar.

Hawa huɗu

Kwamfuta ba ta tashi a lokaci guda. Da farko ƙaramar manhajar da ke cikin allon injin, wato BIOS ko UEFI, takan duba kayan ciki. Daga nan sai ta miƙa ragama ga GRUB, wadda aikinta shi ne nemo Linux a cikin faifan ajiya. Sai Linux ɗin kanta ta farka ta buɗe faifan. A ƙarshe ne ake ganin wurin sa kalmar sirri da fuskar aiki.

Saboda haka tambayar farko ita ce: a wane hawa ta tsaya? Yana da kyau a ɗauki hoton rubutun da ke allon da wayar salula kafin a taɓa komai, domin galibi a cikinsa amsar take.

Idan ta tsaya tun daga farko

Idan fanka na juyawa amma allo bai nuna ko da tambarin kamfani ba, to matsalar ba ta Linux ba ce. Ƙurar hunturu kan shiga tsakanin katin RAM da mazauninsa. A kwamfutar tebur, sai a zare wayar wuta, a ciro katin, a kaɗe ƙurar, a mayar da shi har ya zauna daram.

Akwai kuma wani ɗan batir mai kama da kwabo, CR2032, wanda ke riƙe agogon kwamfuta. Idan ya mutu kwanan wata kan koma shekarun baya, na'urar ta mance faifan da za ta tashi daga kansa, shafukan intanet kuma su riƙa ƙin buɗewa. Kafin a sauya batirin, ana iya zaɓen faifan da hannu ta hanyar danna F9 a kwamfutocin HP, ko F12 a na Dell, da zarar an kunna.

Bayan an ɗauke wuta

Wannan matsala ce da ta fi kusa da mazauna karkara, inda wutar lantarki ba ta da tabbas, janareta kuma kan mutu ba sallama. Idan wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu a faifai, tsarin fayilolin kan hargitse. Yawanci Linux kan gyara shi da kanta. Idan abin ya fi ƙarfinta sai ta tsaya a baƙin allo, kalmar initramfs na ƙasa, ta kuma ambaci sunan ɓangaren faifan da ke son gyara, alal misali /dev/sda2.

A nan sai a rubuta fsck -y /dev/sda2 a danna Enter, tare da kula cewa sunan da allon ya nuna shi za a sa, ba lallai na wannan misali ba. Idan ta gama sai a rubuta exit, ko a sake kunnawa.

Amma idan hakan na maimaituwa ko da ba a ɗauke wuta ba, alama ce faifan ya soma gajiya, kuma lokaci ya yi da za a kwashe abin da ke cikinsa.

Idan kuwa wutar ta yanke ne ana cikin sabunta manhaja, sai a nemi jerin zaɓin GRUB ta hanyar riƙe Shift lokacin tashi, ko danna Esc a sababbin na'urori. A sashen Advanced options akwai tsohon zubin Linux da ya yi aiki kafin sabuntawar. Akwai kuma recovery mode, inda zaɓin dpkg ke ƙarasa aikin da ya yanke.

Baƙin allo bayan tambari

Idan tambarin Ubuntu ya fito sannan allo ya yi duhu, akasari rashin jituwa ce tsakanin manhajar da katin hoto. A jerin zaɓin GRUB sai a danna harafin e, a nemi layin da ke ɗauke da kalmomin quiet splash, a ƙara nomodeset a bayansu, sannan a danna F10.

Wannan gyara na tashi ɗaya ne kawai, kuma hoton ba zai yi kyau sosai ba, amma ya isa mutum ya shiga ya ɗora manhajar katin da ta dace.

Kalmar sirri daidai, ƙofa a rufe

Wani lokacin mutum zai sa kalmar sirri daidai, allo ya ƙifta, ya dawo da shi inda ya fito. Cikar faifai na daga cikin manyan dalilan haka, musamman a kwamfutar da ake tara fina-finai da wa'azi a cikinta.

Danna Ctrl da Alt da F3 tare zai buɗe allon rubutu zalla. A nan za a sa suna da kalmar sirri. Kalmar ba ta bayyana yayin rubutawa, ko da ɗigo, kuma hakan ba lalacewa ba ce. Umarnin df -h zai nuna yadda faifan ya cika. Idan ya kai kashi 100 cikin 100, to sudo apt clean zai share tarkacen da sabuntawa ta bari, wanda sau da yawa kan samar da wurin da za a shiga a rage sauran kaya.

Idan kuma fuskar aiki na buɗewa amma tana jan ƙafa, mai yiwuwa ta yi wa na'urar nauyi. Lubuntu da Xubuntu an tsara su ne domin kwamfutoci masu ƙaramin ƙarfi.

Masu rubutu da Hausa da suka rasa haruffan ɓ da ɗ da ƙ kuwa, za su same su ta hanyar ƙara tsarin madannai na Hausa a sashen saituna, domin yana cikin manhajar tun asali.

Filashin ceto

Filashin da aka ɗora Linux da shi bai kamata a goge shi ba. Ana iya tayar da kwamfuta daga kansa a zaɓi gwaji maimakon ɗorawa, sannan a buɗe faifan ciki a kwashe takardu zuwa wani filashin, ko da manhajar cikin ta ƙi tashi sam.

Ga mazaunin Tsanyawa ko Bagwai, kai kwamfuta wurin masu gyara a kasuwar Farm Centre da ke birnin Kano na nufin kuɗin mota da ladan gyara da kuma asarar yini guda, wanda da damina yini ne na gona. Akwai lalacewar da dole sai an je, kamar ƙonewar allon inji ko mutuwar faifai. Ko a nan ma, wanda ya riga ya kwashe takardunsa ba ya fargabar fomatin.

Riga-kafi dai, in ji masu iya magana, ya fi magani: a rufe kwamfuta da ƙyalle in an kashe ta lokacin hunturu, a ajiye ta inda iska ke ratsawa a zafin bazara, kada a soma sabunta manhaja sai batir na cike ko wuta ta tabbata, sannan a riƙa kwafar muhimman takardu a filashi duk ƙarshen mako.