Gahawar Habasha: Wane manomi ne ke cin ribar cinikin kai tsaye?

Habasha ce kan gaba a noman gahawa a Afirka, kuma ƙananan manoma ne ke samar da mafi yawanta. Sai dai kaɗan daga kuɗin da ake biya a shagunan Landan ko Tokyo ke isa hannun manomin Sidama ko Yirgacheffe.

A 2008 gwamnati ta kafa kasuwar hada-hadar amfanin gona ta ECX, ta wajabta wa akasarin 'yan kasuwa bi ta cikinta. A can ake cakuɗa gahawar gonaki daban-daban gwargwadon yanki da daraja. Mai saye bai san wanda ya noma ta ba, manomin da ya wahala wajen tsinkar nunannun 'ya'ya zalla kuwa bai ga ladan wahalarsa ba.

Gyaran doka na 2017 ya bai wa manomi mai hekta biyu zuwa sama damar sayar wa ƙasashen waje kai tsaye. Kamfanoni masu gasa gahawa ta musamman sukan ɗanɗana samfuri a ba shi maki, wanda ya kai 80 cikin 100 yakan samu farashin da ya zarce na kasuwar New York.

Amma manoma da yawa gonakinsu ba su kai hekta ɗaya ba. Ko wanda ya cika sharaɗin yana buƙatar lasisi, da gadajen shanya, da jarin da zai riƙe iyalinsa watanni kafin kuɗi su shigo. Wanda ba shi da waɗannan, in bai shiga ƙungiyar gama kai ba, ɗan kasuwar ƙauye yake kai wa ɗanyun 'ya'yan ranar da ya tsinke su.