Gyaɗa ta kama yaro: shin dole ne a hana shi kashu da almon?

A Maradi ko Damagaram da wuya a wuni ba a ci gyaɗa ba, wadda wasunmu ke kira gujiya. Tana cikin ƙuli-ƙuli, tana cikin yajin tsire da kilishi, ga kunu, ga miya. Shi ya sa iyayen da ke zaune a Faransa ko Beljiyam kan rikice idan likita ya ce ɗansu na da alerjin gyaɗa, kuma ya haɗa musu da jerin kashu, almon, nwazet da fistash, duk a daina.

Alerjin gyaɗa ba abin wasa ba ne. Yakan fara da borin jini, kumburin leɓe ko amai mintuna kaɗan bayan an ci, wani lokaci numfashi ya toshe har sai an yi allurar adrenalin. Amma gyaɗa ba 'yar itace ba ce. Dangin wake ce, a ƙasa take yin 'ya'ya. Abin da ya haɗa ta da su kashu shi ne wasu sinadaran furotin da suka yi kama da juna, har garkuwar jiki ta kan ɗauki wannan a matsayin wancan.

A nan gwaji yake yaudarar mutane. Gwajin fata, inda ake ɗiga ruwan abincin a hannu a ɗan soka, da gwajin jini mai auna IgE, abin da suke nunawa shi ne jiki ya san abincin. Ba su tabbatar da cewa zai yi bori idan an ci ba. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2017 ya gano cewa masu alerjin gyaɗa da gwaji ya nuna suna da matsala da 'ya'yan itace, kusan dukansu sun ci su lafiya a gaban likita.

Akwai wani misali da ya fi kusa da mu. A Gana, a wani bincike da aka wallafa a 2013, an auna jinin 'yan makaranta sama da 1,000, aka samu kusan kashi 17 cikin 100 da IgE na gyaɗa. Waɗanda aka ce gyaɗar tana damunsu kuwa ba su kai kashi 2 ba. Masu binciken sun danganta wannan da tsutsar tsargiya, domin tana ɗauke da wani sukari irin wanda ke jikin furotin na tsirrai. Ke nan wanda ya tashi yana wanka a gulbi ko tafki, ya je Turai aka auna jininsa, yana da kyau ya faɗa wa likita ko ya taɓa yin tsargiya.

Yanzu ana rarrabe furotin ɗin ɗaya bayan ɗaya. Idan jini ya nuna Ara h 2, alama ce mai ƙarfi ta alerjin gyaɗa na gaske. Idan Ara h 8 ne kaɗai, galibi daga garin furen wata bishiyar Turai ne da Faransawa ke kira bulo, kuma abin ya kan tsaya a ƙaiƙayin baki. Kashu na da nasa, Ana o 3, nwazet kuma Cor a 14. Kashu da fistash dangi ɗaya ne, wanda ɗaya ya kama sau da yawa ɗayan ma zai kama shi.

Kada wannan ya sa a yi sakaci. Wani bincike kan yara a Landan, Janeba da Balansiya, wanda ya fito a 2020, ya nuna kusan kashi 60 cikin 100 na yaran da ke da alerjin gyaɗa, riɗi ko wani ɗan itace suna da alerjin fiye da ɗaya daga cikinsu. Hukunci na ƙarshe shi ne a ba yaro abincin kaɗan-kaɗan a asibiti, ana ƙara yawansa, da adrenalin a kusa. Ba a yin wannan a gida, ko da kaka ta dage a waya cewa "a ɗanɗana masa ya saba".

Tambayar da iyaye daga Maradi suka fi yi ita ce ta aya. Sunanta na Turanci ya sa wasu ke ɗaukar ta ɗan itace, alhali saiwa ce ta wata ciyawa. Damuwar tana wajen dakuwa, domin akan haɗa ta da garin gyaɗa, sannan turmi ɗaya ko injin niƙa ɗaya ya isa ya gauraya su. A Turai doka ta tilasta rubuta gyaɗa da 'ya'yan itace daban-daban a jikin kwalin abinci. Ledar yaji ko kilishin da aka aiko daga gida ba ta da irin wannan rubutu, sai an tambayi wanda ya haɗa.