Gilashin Kyamara: Kada Rangwame Ya Ruɗe Ka!

Mai karatu, sau nawa ka kalli fim ka ga fuskar jaruma ta fito raɗau, bayanta kuwa ya yi dishi-dishi? To, yawanci wannan aikin gilashi ne, ba tsadar kyamara ba.

Ga sabon shiga harkar ɗaukar hoto, 50mm f/1.8 ne abokin tafiya. Kamfanin Canon ya fitar da samfurin STM a 2015, kuma yana cikin gilasansa mafiya araha. Yana zuƙar haske sosai, ko an ɗauke wuta a lokeshin, hasken taga ya wadatar. Amma fa a ƙaramin ɗaki yakan matse hoto, nan sai ka koma wa 18-55mm ɗin da ya zo da kyamararka.

Sai batun lokacin saye. A watan Nuwamba ake rangwamen Black Friday, al'adar Amurka da Jumia da Konga suka ɗauka. Tun Oktoba ka riƙa rubuta farashi, domin wasu 'yan kasuwa kan ƙara kuɗi kafin su ce sun rage. Sannan ka tabbata gindin gilashin ya dace da kyamararka, na Nikon ba ya hawa Canon kai tsaye. Kada gumin wata shida ya salwanta a dare ɗaya!