Littafi Na Biyu Da Ya Raba Kan Masu Karatu

Duk wanda ya taɓa jiran kashi na biyu na littafin soyayya ya san zafin jira. To, irin wannan ɗokin ne ya kama masu karatu a Amurka a 2006, sa'ad da Stephenie Meyer ta fito da New Moon, watau ci gaban Twilight na 2005.

Amma me suka tarar? Tun farko-farkon labarin sai Edward, saurayin nan mai shan jini, ya rabu da Bella don gudun kada ya jawo mata halaka. Marubuciyar ta bar shafi huɗu fayau, ba kome sai sunayen watanni, daga Oktoba zuwa Janairu. Jacob, mai rikiɗa ya zama kyarkeci, shi ya share wa yarinyar hawaye.

Nan fa kai ya rabu. Wasu suka yi ta tsallake shafuka suna neman Edward, har suka cim masa a Italiya. Wasu kuwa suka ce wanda ya tsaya maka ranar wuya shi ne masoyi. Ita kanta Meyer ta roƙi jama'a su karanta sau biyu.

Lalle, mai gaggawa ba ya jin ɗanɗanon miya.