Labarina A Bakin Iyaka: Muna Kallo, Amma Ba A Ƙirgawa Da Mu

Kai da ke Kano ko Kaduna, da zarar an saki sabon kashi na Labarina a daren Juma'a sai ka kunna data ka kalle shi, kafin ka kwanta ma har ka zuba ra'ayinka a Facebook. To ka taɓa tambayar kanka ta yaya wannan kashin yake isa hannun saurayin da ke Tsamiya, ko budurwar da ke Lolo, can ƙarshen ƙaramar hukumar Bagudo a jihar Kebbi, inda ƙasar Benin take a bakin hanci? Zo ka ji, domin akwai masoya a nan da ba su san wasa ba wajen bin shiri mai dogon zango.

Bari in faɗa maka gaskiya tun da wuri: ni ɗan gani-kashe-nin Labarina ne. Tun 2020 da Malam Aminu Saira ya fara sakin sa nake biye da shi. Wa zai manta da Baba Ɗan Audu, wanda Rabi'u Rikadawa ya fito a matsayinsa, uban da zai ba ka haushi kuma ya sa ka dariya a lokaci guda? Wa zai manta da gardamar da aka sha a kan Mahmud da Presdo, wa ya fi cancanta da Sumayya? Da aka sauya labari gaba ɗaya aka kawo Sadiq Sani Sadiq a matsayin Mainasara, attajirin da ya ɓoye dukiyarsa don ya gane mai son sa tsakani da Allah, wasu sun ce shirin ya mutu. Ina! Sai ma gardamar ta ƙara zafi. Abin da ya riƙe ni shi ne ba a gaggawa: ana barin mutum ya yi magana kamar mutum, ana barin shiru ya yi aikinsa, kuma mugun cikin labarin ma yana da dalilinsa.

Kuma ba Labarina kaɗai ba. Daɗin Kowa na tashar Arewa24, wanda ya fara a 2015, ya sa Kamaye da Adama sun zama kamar maƙwabtanmu. Kwana Casa'in ya zo a 2019 ya nuna mana siyasar Alfawa da Gwamna Bawa Maikada, har mutum ya riƙa cewa ai wannan na san irinsa. Izzar So na Lawan Ahmad kuwa, a yawancin gidaje iyaye mata ma sun san Umar Hashim.

Yanzu dubi inda muke. A ƙasar Bagudo akwai Hausawa, akwai Fulani, akwai Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa. Idan ka bi ta Tsamiya za ka ɓulla Segbana, idan ka bi ta Lolo kuma ka nufi Malanbil, duk a cikin Benin. A can Faransanci ne harshen ofis, sefa ce kuɗin kashewa, amma a kasuwa Hausa tana ci sosai. Aure ya haɗa mu, ciniki ya haɗa mu, kuma fim ɗin Hausa ya ƙara ɗaure zumuncin. Wanda bai iya karanta Hausa ba ma yana jin abin da Baba Ɗan Audu ke faɗa.

Sai dai hanyar da shirin ke bi ya iso ta bambanta da taka. Wutar lantarki ba ta da tabbas, sabis ma wani wurin sai ka nemi tudu. Don haka shagon caji shi ne silimarmu. Mai shago, wanda ke da sola ko janareta da kwamfuta, shi zai sauke kashin sau ɗaya. Washegari da safe sai layi: wannan ya miƙa waya, wancan ya miƙa memori, a ba da 'yan canji a tura. Daga nan kuma sai Xender ta karɓi aiki, daga waya zuwa waya, kyauta. Ɗan acaɓa ya ɗauka ya tsallaka da shi, ranar kasuwa ya bazu. Kashi ɗaya da aka sauke sau ɗaya yana iya zaga unguwa guda, har ya ƙetare iyaka ba tare da an tambaye shi takarda ba.

Shi ya sa, don Allah, 'yar'uwa mai saurin hannu, ki riƙa tausaya mana. Kina gama kallo ki ɗora a WhatsApp cewa wance ta mutu ko an fasa auren wane, alhali mu sai gobe da hantsi zai zo hannunmu. Wallahi wannan ba ƙaramin zalunci ba ne.

Amma ga inda gizo ke saƙar, kuma a aji ne na fara gane shi, wurin darasin yadda kafafen yaɗa labarai ke samun kuɗi. Da can faifan CD ne ke riƙe da Kannywood. Satar fasaha da tura fim a waya suka durƙusar da wannan kasuwa, shi ne masu shirya fim suka koma YouTube da tashoshin talabijin. A YouTube, kafin tasha ta fara cin kuɗin talla sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda. Idan ta cika sharaɗi, kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan da aka saka a bidiyon nata ne. Ka ga ke nan duk kallon da aka yi a tashar Saira Movies ko Bakori TV yana shiga lissafi. Wanda aka yi ta memori kuwa, ko mutum ɗari suka taru a kansa, ko sisi ba ya kaiwa ga wanda ya biya 'yan wasa, ya yi hayar kyamara, ya ciyar da ma'aikata.

Ba kuɗi kaɗai ke ɓacewa ba, har da mu kanmu. YouTube na nuna wa mai tasha daga waɗanne ƙasashe ake kallon sa da kuma tsawon lokacin da ake ɗauka. Da wannan lissafin yake zuwa wurin masu ba da talla, da shi kuma yake sanin su wa yake yi wa labari. Idan kallonmu bai shiga ba, a idonsa babu mu. Sai ka yi mamaki don me kullum labarin yake tsakanin Kano da Abuja da Kaduna? Sai ka yi mamaki don me idan aka ji wani ya ce “mi kaka yi” ko “wanga yaro” a fim, galibi an kawo shi ne don a yi dariya? Wanda ba a san yana kallo ba, ba a tuna shi lokacin rubuta labari.

Kar ka ce ina zagin mai shagon caji. Neman halalinsa yake yi a inda aiki ya yi ƙaranci, kuma ba don shi ba da yawa ba za su taɓa ganin shirin ba. Data ma ba ta da arha. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Ɗalibin da ke lissafin kuɗin mota da na abinci ba za ka ce lallai ya ƙone datarsa a kan fim na awa guda ba. Amma tsakanin komai da babu akwai wani abu.

Ga abin da nake ganin za mu iya. Ranar da kake da data, kalla a tashar masu shirin ta ainihi, ba a shafukan da ke kwafe aikin mutane su sake ɗorawa ba. Rage ƙarfin hoton zuwa 240 ko 360, za ka ga datar ta yi auki, labarin kuma bai canja ba. Idan ku biyar ne, ku haɗa kuɗi ku kalla a waya ɗaya. Ai kallon taro ma ya fi daɗi. Ka danna alamar bin tashar, wannan ba ya cin komai. Sannan ka rubuta a ƙarƙashin bidiyon: daga Kaoje nake kallo, daga Illo, daga Zagga, daga Segbana. Masu shirin suna karanta waɗannan saƙonni, kuma sunan garin da aka yawaita gani ba ya ɓacewa a zuciya.

Ka tuna watan Mayun 2025, lokacin da Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta dakatar da shirye-shirye 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa da Manyan Mata, saboda ba a kai mata su ta duba ba kafin a sake su. A lokacin ne da yawa daga cikinmu suka gane cewa abin da muke jira duk mako yana iya tsayawa dare ɗaya. Rashin kuɗi ma yana iya tsayar da shi, kuma shi ba ya fitar da sanarwa.

Ku kuma masu shirya mana finafinai, ku leƙo yamma. Muna da kogin Kwara da masuntansa, muna da manoman shinkafa da albasa, muna da gidajen da uwa take Benin 'ya'ya suna Nijeriya. Rufe iyakar da aka yi a watan Agustan 2019, wanda ya kai har Disambar 2020, shi kaɗai ya isa zango uku: ɗan kasuwar da jarinsa ya karye, ango da amarya da shinge ya raba, matashin da ya tsaya tsakanin yunwa da fasa-ƙwauri. Labari na nan jibge, mai ɗauka ake jira.

Kafin su zo, mu fara nuna musu muna nan. Juma'a mai zuwa idan Allah ya kai mu, in ka samu sabis, ka shiga ka rubuta sunan garinku. Kuma don girman Allah, kar ka faɗa mana ƙarshen kashin.